Makomar Abin da Ya Faɗa Baƙin Rami

A ranar 10 ga watan Afrilu na shekarar 2019 wata tawagar masana taurari ta fitar da wani hoto da ya zaga duniya kafin rana ta faɗi: zobe mai launin garwashi, da duhu a tsakiyarsa. Duhun nan inuwa ce ta wani baƙin rami da ke tsakiyar garken taurarin da ake kira M87, inda haske ke ɗaukar shekara miliyan 55 kafin ya iso Duniya. Nauyin wannan rami ya ninka na Rana sau miliyar 6 da rabi. Zoben kuwa hasken iskar gas ne mai tsananin zafi da ke kewaya ramin, wani sashenta yana gab da faɗawa ciki. Gani ya kori ji game da samuwar baƙin rami, amma hoton bai amsa tambayar da mai kallo ke fara yi ba: abin da ya faɗa ciki, ina ya nufa, kuma me ya zama? Tambayar ta yi kama da ta yara, alhali kuwa ta raba kan manyan masana fizik kusan shekara 50, domin a ƙarƙashinta akwai wadda ta fi ta girma, wato ko akwai wurin da halitta ke shafe labarin abin da ya taɓa wanzuwa.

Gyaran suna

Sunan "baƙin rami" aro ne ta hanyar fassara, daga sunan da masanin fizik ɗan Amurka John Wheeler ya yaɗa a 1967, wanda Faransanci ma ya fassara kalma da kalma. Fassarar ta zauna a baki, amma tana ɗauke da tarko. Bahaushe in ya ji rami, abin da ke zuwa masa a rai shi ne wurin da aka kwashe ƙasa aka bar fanko, mai baki a sama da gindi a ƙasa. Baƙin rami akasin haka ne. Babu inda aka cusa abu mai yawa a ƙaramin wuri kamarsa, kuma siffarsa ta ƙwallo ce, ta kowace fuska aka tunkare shi bakinsa aka tunkara. Haka nan ƙarfin da ke jawo abubuwa gare shi, wanda wasu masu fassara ke kira maganaɗisu, ya bambanta da maganaɗisu ƙwarai. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ya ƙyale itace da ruwa. Wannan ƙarfi kuwa komai yake ja, har da haske, kuma shi ne dai ke mayar da dutsen da aka jefa sama zuwa ƙasa. A wannan maƙala za a kira shi jan nauyi. Kalmar nauyi kuma za ta zo da ma'anar yawan abin da jiki ya ƙunsa, ko da an kai shi inda sikeli ba zai nuna komai ba.

Dutsen da aka jefa sama yana dawowa ne saboda gudunsa bai kai ba. Da za a harba shi da gudun kilomita 11.2 a sakan ɗaya, da ya tsere wa Duniya har abada. Gwargwadon yawan nauyin jiki da ƙanƙantar wurin da ya tattaru, gwargwadon gudun da ake bukata a kuɓuce masa. Tun a 1783 wani limamin coci a Ingila mai suna John Michell ya yi tambayar da ta biyo baya: in tauraro ya yi nauyin da ko haske, mai gudun kusan kilomita 300,000 a sakan, ba zai iya tsere masa ba fa? Pierre-Simon Laplace na Faransa ya zo da irin wannan tunani a 1796. Maganar ta kwanta fiye da ƙarni guda, sai da Albert Einstein ya kammala ra'insa na dangantaka a 1915, inda ya bayyana jan nauyi a matsayin lanƙwasa da nauyi ke yi wa sarari da lokaci. Cikin ƴan makonni Karl Schwarzschild, Bajamushe masanin taurari da ke aikin soja a yaƙin duniya na farko, ya warware lissafin Einstein game da jiki mai siffar ƙwallo. An buga aikinsa a farkon 1916, shi kuma ya rasu a watan Mayu na wannan shekara.

Daga lissafinsa aka gane cewa kowane nauyi yana da wani faɗi wanda in aka matse shi ya kai can, to ba sauran fita. Rana sai an matse ta ta koma ƙwallon da kilomita 3 ne kacal daga tsakiyarsa zuwa gefensa. Duniya kuwa, da duwatsunta da tekunanta, sai ta koma milimita 9 daga tsakiya zuwa gefe, wato kamar ƙwarar magarya. Wannan gefe shi za a kira iyakar ba-komowa, ko iyaka a taƙaice. Babu bango a wurin, babu ƙasar da za a taka. A ƙaddara mai kwalekwale yana tuƙi a kogin da ruwansa ke ƙara gudu yayin da yake tunkarar wani gangare. Akwai wurin da gudun ruwa ya zo daidai da iyakar ƙarfin tuƙinsa. Ba wata alama a kan ruwan, amma da zarar ya gota wurin, ko ya juya ya yi tuƙi da dukan ƙarfinsa gangaren zai nufa. A baƙin rami sarari ne ke kwarara kamar ruwan, haske kuma shi ne matuƙin da ya fi kowa sauri.

Ƙananan ramuka suna samuwa ne idan tauraro mai nauyi ƙwarai ya cinye makamashinsa, cikinsa ya rufta a kan kansa, kamar yadda Robert Oppenheimer da Hartland Snyder suka lissafa a 1939. Manyan kuwa suna zaune a tsakiyar garkunan taurari. Garken da Rana ke ciki yana da nasa, mai suna Sagittarius A*, da nauyin Rana kimanin miliyan 4. Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun tabbatar da shi ta hanyar bin sawun taurarin da ke kewaya shi shekara da shekaru, abin da ya sa suka samu kyautar Nobel a 2020.

Faɗawa ba ta da sauƙi

Kuskuren da ya fi yawo a bakin jama'a shi ne ɗaukar baƙin rami a matsayin dodon da ke haɗiye na kusa da na nesa. Da za a ɗauke Rana a ajiye baƙin rami mai nauyinta daidai a gurbinta, Duniya za ta ci gaba da kewayenta na kwana 365, sai dai duhu da sanyi su kashe abin da ke kanta. Daga nesa jan baƙin rami bai bambanta da na tauraro mai nauyinsa ba. Hasali ma faɗawa cikinsa abu ne mai wuya saboda ƙanƙantarsa. Kusan duk abin da ke sararin sama yana tafe da ɗan gudu zuwa gefe, kuma wannan gudun gefe yana ƙaruwa yayin da abu ke matsowa kusa, sai ya kuskure ramin ya shiga kewaya shi. Duk wanda ya lura da ruwa a mazurari ya ga misalin haka: ruwan ba ya zurarewa kai tsaye, sai ya yi ta juyi tukuna.

Saboda haka gas ɗin da rami ya jawo taruwa yake yi ya zama faifai mai juyawa. Sashen faifan da ke kusa da ramin ya fi na waje saurin juyi, don haka suna gogar juna. A nan maganaɗisu na gaskiya yake shigowa, domin gas ɗin ya yi zafin da ƙwayoyin zarrarsa suka rabu da elektron ɗinsu, ya zama mai ɗaukar lantarki, layukan maganaɗisu kuma suna sarƙewa a cikinsa suna ƙara gogayyar. Gogayya tana haifar da zafi, tana kuma rage wa gas ƙarfin juyinsa, sai ya riƙa gangarowa a hankali, zagaye bayan zagaye. A kusa da ƙaramin rami zafin faifan yana kaiwa miliyoyin digiri, har ya riƙa fitar da hasken X, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Ta haka aka gano Cygnus X-1 a 1964, da na'urorin da aka harba sama a roka. Rami ne mai nauyin Rana kimanin 21, yana kewayen juna da wani ƙaton tauraro shuɗi duk kwana 5.6, yana zuƙar gas daga jikinsa.

Lissafin abin da wannan faifai ke fitarwa ya isa a tsaya a kansa. Rana tana haskakawa ne ta hanyar haɗa haidurojin ya zama hiliyom, kuma cikin kowane kilo 1000 na haidurojin kilo 7 kawai ke komawa makamashi. Gas ɗin da ke gangarawa baƙin rami kuwa yana iya mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na nauyinsa haske da zafi kafin ya kai iyaka, in ramin ba ya juyawa. In yana juyawa da iyakar saurinsa, lissafi ya nuna adadin na iya kaiwa kashi 42. Wannan ne ya warware kacici-kacicin da Maarten Schmidt ya tono a 1963, lokacin da ya gano cewa wani ɗigon haske mai kama da tauraro, 3C 273, yana da nisan tafiyar haske ta shekara fiye da miliyar 2. Kafin a gan shi daga irin wannan nisa dole haskensa ya zarce na garken taurari sukutum. Irinsa ake kira kwazar, kuma abin da ke tsakiyarsa babban baƙin rami ne da ke cin gas ba ƙaƙƙautawa. Abin da ya fi komai duhu ya zama shi ke kunna fitilun da suka fi kowace haske.

Ba duk gas ɗin faifan ne ke kaiwa ciki ba. Wani zafi da haske ke hure shi ya watse, wani kuma layukan maganaɗisu ke tattarawa su harba shi ta sama da ƙasan faifan a matsayin siririyar feshi mai gudu kusa da na haske. Feshin M87 an gan shi tun 1918, lokacin da Heber Curtis ya lura da wani siririn layin haske da ke fitowa daga tsakiyar garken, shekaru da dama kafin a san abin da ke harba shi. Tsawonsa ya kai tafiyar haske ta shekara kimanin 5000. Wanda ya rage yana ci gaba da gangara har ya kai nisan da ya ninka na iyaka sau 3, in ramin ba ya juyawa. Daga nan babu sauran kewaye mai ɗorewa, sai ya sulale ciki cikin gaggawa.

Wani lokaci kuma tauraro ne sukutum ke kuskuren ratsawa kusa da babban rami, sai ramin ya yayyaga shi. Martin Rees na Ingila ya nuna a 1988 cewa kusan rabin tauraron ne ake cillawa waje ya tafi ke nan, rabi ya dawo ya yi faifai, ya haskaka na tsawon watanni. An sha ganin haka daga baya, kamar wanda aka kira AT2019qiz, da aka kalla a 2019 daga nisan shekarar haske miliyan 215. In ramin ya wuce nauyin Rana kimanin miliyan 100, tauraro irin Rana haɗiye shi yake yi ɗungurungum ba tare da ya yaga shi a waje ba.

Jan zare

Abin da ke yayyaga tauraro shi zai yayyaga kowane jiki, kuma ɓarnar tana zuwa ne daga bambancin ƙarfin ja tsakanin wani sashen jiki da wani. Mai faɗuwa ba ya jin nauyinsa. Ƴan sama jannatin da ke kewaya Duniya faɗuwa suke yi ba fasawa, shi ya sa ake ganinsu suna shawagi a cikin kumbonsu. Amma idan mutum ya nufi baƙin rami da ƙafafunsa a gaba, ƙafafun sun fi kansa kusa da ramin, don haka an fi jan su. A lokaci guda kowace kafaɗa ana jan ta zuwa tsakiyar ramin, sai su matso juna. Jikin yana miƙewa ta tsawo yana matsewa ta faɗi. Irin wannan bambanci ne, a ƙaramin ma'auni, Wata ke yi wa Duniya har ruwan teku ya riƙa cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya. Turawa sun kwatanta lamarin da taliya, amma hoton mai kaɗi ya fi kama da shi, yadda take jan dunƙulen auduga yana zama siriri har ya koma zare a mazari. Da farko jiki ke tsinkewa, sannan kowane guntu ya sake tsinkewa, har a kai ga ƙwayoyin zarra kansu.

Inda hakan zai faru ya danganta da girman ramin, kuma a nan hankali yakan yi tuntuɓe, domin ƙaramin rami ya fi babba mugunta. Rami mai nauyin Rana 10 iyakarsa kilomita 30 ce daga tsakiya, kuma zai tsinka mutum tun yana nesa da ita da ɗaruruwan kilomita. Sagittarius A* kuwa iyakarsa kimanin kilomita miliyan 12 ce daga tsakiya, kuma a can bambancin ja tsakanin kai da ƙafa bai kai abin da jiki zai ji ba. Mutum zai ƙetare iyakar da ransa da lafiyarsa. Tsinkewar tana jiran sa a ciki.

Masu shaida biyu

A ƙaddara matafiya biyu sun isa kusa da babban rami irin wannan, wanda babu faifan wuta a kewayensa. Ɗaya ya tsaya nesa a cikin kumbo, ɗayan ya saki jiki ya faɗa, riƙe da fitilar da ke ƙyaftawa sau ɗaya kowane sakan bisa agogon hannunsa. Ra'in Einstein ya ce lokaci ya fi tafiya a hankali inda jan nauyi ya fi ƙarfi, kuma an auna hakan a nan kusa. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS suna wuce na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana, kuma da ba a gyara wannan ba da taswirar wayar hannu ta riƙa ɓata da kimanin kilomita 10 kullum. A bakin baƙin rami wannan ɗan bambanci yana girma ba iyaka.

Na nesa zai ga ƙyaftawar fitilar tana jinkiri, daga sakan ɗaya zuwa biyu, zuwa minti, zuwa awa. Launin hasken yana komawa ja, sannan ya wuce abin da ido ke gani, yana dushewa har ya ɓace. Ko sau ɗaya ba zai ga abokinsa ya ƙetare iyakar ba, domin hasken da ya taso daga kan iyakar ba ya isowa. Wannan ya sa masanan Tarayyar Sobiyat suka daɗe suna kiran irin waɗannan abubuwa daskararrun taurari. Mai faɗawa kuwa labarinsa daban. Agogonsa yana tafiya yadda ya saba, zuciyarsa tana bugawa yadda ta saba, kuma ya ƙetare iyakar a wani lokaci ƙayyadadde da zai iya karantawa a agogon, ba tare da ya ji ya bugi komai ba. Alƙalin da zai saurari waɗannan shaidu biyu ba zai iya ƙaryata ko ɗaya ba, domin kowa ya faɗi gaskiyar abin da agogonsa da idonsa suka ba shi. Sai dai ba za a taɓa haɗa su zama ɗaya a kwatanta ba, tunda ɗayan ba ya da hanyar aiko da tasa shaidar.

Bayan iyaka

Da an gota iyaka, duk hanyar da aka bi tsakiya take kaiwa, har da wadda ake gani kamar ta nufi waje. Wurin da hanyoyin suke ƙarewa shi za a kira maƙura. Kiran ta wuri ma da sakaci, domin a lissafi ta fi kama da lokaci: yadda ba wanda zai iya juyawa ya kauce wa gobe, haka mai faɗawa ba zai iya kauce wa maƙura ba. Wa'adin kuma gajere ne. A ramin da ba ya juyawa mai nauyin Rana 10, mafi tsawon lokacin da za a yi tsakanin iyaka da maƙura bai kai kashi ɗaya cikin 1000 na sakan ba. A rami mai nauyin Sagittarius A* kimanin minti ɗaya ne, a mai nauyin na M87 kuwa kwana ɗaya da ƴan awoyi. Babu injin da zai ƙara wa matafiyi ko sakan a kan wannan.

A 1965 Roger Penrose ya tabbatar ta hanyar lissafi cewa, in dai ra'in Einstein daidai ne, tauraron da ya rufta ya wuce wani mataki ba makawa sai ya haifar da maƙura, ko da siffarsa ba ta daidaita ba. Wannan aiki ne ya sa ya raba kyautar Nobel ta 2020 da Genzel da Ghez. Amma ya kamata a fahimci abin da maƙura take nufi. Wuri ce da lissafin ke ba da amsa marar iyaka game da matsi da lanƙwasar sarari, kuma duk lokacin da lissafin fizik ya ba da irin wannan amsa alama ce ta cewa ra'in ya kai inda aikinsa ya ƙare. Ana bukatar ra'in da zai haɗa na Einstein da na kwantum, mai bayanin ƙananan ƙwayoyi, kuma har yau ba a kammala shi ba. Game da ramin da ke juyawa, wanda Roy Kerr ɗan ƙasar Niyuzilan ya warware lissafinsa a 1963, maƙurar tana zuwa da siffar zobe, kuma a kan takarda ana iya bi ta ciki a ɓulla wani sarari daban. Daga nan masu shirya fim suka samo ƙofofinsu na tafiya wata duniya. Lissafin da ya biyo baya ya nuna wannan hanya ba ta jure shigar abu ko haske, rugujewa take yi, kuma babu wata shaida ta gani da ke goyon bayanta.

Abin da rami ke riƙewa

Daga waje, abin da ya faɗa bai ɓace gaba ɗaya ba. Nauyinsa ya ƙaru a kan na ramin, iyakar kuma ta ƙara faɗi, kilomita 3 ga kowane nauyin Rana. Juyin da ya zo da shi ya shiga juyin ramin, in yana ɗauke da cajin lantarki shi ma ya zauna. Ayyukan Werner Israel a 1967, Brandon Carter a 1971 da David Robinson a 1975 sun nuna cewa waɗannan uku, nauyi da juyi da caji, su kaɗai ne ramin da ya natsu yake nunawa. Wheeler ya yi wa lamarin ba'a da cewa baƙin rami ba ya da gashi, wato mai sanƙo ne, ba kitso ko aski da za a bambanta wani da wani. A 1971 Stephen Hawking ya ƙara da cewa faɗin fatar iyaka ba ya raguwa. A ranar 14 ga Satumban 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka kama girgizar sarari daga haɗuwar ramuka biyu, mai nauyin Rana 36 da mai 29. Sun zama rami ɗaya mai nauyin 62, sauran 3 suka fita a matsayin girgizar, amma duk da wannan asara fatar sabon ramin ta fi ta biyun a haɗe faɗi.

Matsalar tana cikin abin da ba ya cikin ukun nan. A ƙaddara akwai ƙamus na wani harshe da ba sauran mai jin sa, kwafi ɗaya tak a duniya, mai nauyin kilo ɗaya. In aka jefa shi baƙin rami, ramin da zai samu daidai yake da wanda zai samu in kilo ɗaya na yashi aka jefa. Mai karatu zai iya cewa ai ko a murhu aka jefa ƙamus ɗin ya tafi. A aikace haka ne, amma a ƙa'idar kwantum ba haka ba ne. Ƙa'idar ta ce halin da abu ke ciki yanzu yana ɗauke da cikakken bayanin halin da ya fito, don haka toka da hayaƙi da hasken wutar suna riƙe da kowane baƙi na ƙamus ɗin, a hargitse, ko da ba mahalukin da zai iya tattaro su. Wuta hargitsa bayani take yi, ba ta shafe shi.

Muddin ramin yana nan, ana iya cewa bayanin yana ciki a kulle. A 1972 Jacob Bekenstein, ɗalibin Wheeler, ya kawo shawarar cewa faɗin fatar iyaka shi ne ma'aunin yawan bayanin da ramin ya ɓoye. Hawking ya ƙi yarda da farko, domin in haka ne dole ramin ya kasance da zafi, mai zafi kuma dole ya fitar da haske. Sai ga shi a 1974 lissafinsa na kansa ya nuna masa cewa lallai ramin yana fitar da wani ɗan tururin haske saboda tasirin kwantum a kewayen iyaka, kuma da wannan tururi yake rasa nauyi sannu a hankali har ya ƙare. Rami mai nauyin Rana zai ɗauki shekarun da adadinsu lamba 1 ce da sifili 67 a bayanta, alhali duka shekarun sararin samaniya miliyar 13.8 ne. Amma tsawon lokacin bai kawar da matsalar ba. A lissafin Hawking tururin bai damu da abin da ya faɗa ba, na ƙamus da na yashi ɗaya ne. In ramin ya ƙare, ina bayanin? A 1976 Hawking ya amsa cewa ya shafe, ƙa'idar kwantum ce ke bukatar gyara.

Leonard Susskind na Amurka da Gerard 't Hooft na Holan sun yi tsayin daka a kan cewa hakan ba zai yiwu ba, domin in aka bar wannan ƙofa a buɗe ginin fizik gaba ɗaya zai girgiza. A 1997 Hawking da Kip Thorne suka yi caca da John Preskill a kan batun, wanda ya ci za a ba shi kundin ilimi, littafin da ake iya ciro bayani daga cikinsa. A ƙarshen wannan shekara Juan Maldacena ɗan Ajantina ya fitar da wani lissafi da ya nuna cewa, a wani nau'in sarari na musamman, ana iya fassara duk abin da ke faruwa da baƙin rami zuwa harshen kwantum tsantsa, inda bayani ba ya shafewa. A 2004, a wani taro a Dublin, Hawking ya amsa ya faɗi, ya miƙa wa Preskill kundin wasan besbol, daga baya ya yi raha cewa da tokar littafin ya kamata ya ba shi. Thorne bai sallama ba a lokacin.

Sallamawar Hawking ba ta kashe gardamar ba, domin ba ta bayyana hanyar da bayanin ke bi ya fito ba. A 2012 wasu masana huɗu a Kaliforniya, Ahmed Almheiri da Donald Marolf da Joseph Polchinski da James Sully, suka nuna cewa abubuwa uku da aka yarda da su ba za su zauna tare ba: cewa bayani yana fitowa cikin tururi, cewa dokokin fizik da aka sani suna aiki a wajen iyaka, da cewa mai faɗawa yana ƙetarewa bai ji komai ba. In aka riƙe biyun farko, to iyakar tsohon rami bangon wuta ce mai ƙone duk abin da ya taɓa ta, shaidar matafiyin da ya ƙetare lafiya kuma ta rushe. Masana da yawa ba sa son wannan bango, amma rashin so bai isa hujja ba, kuma gano inda dalilin ya karkace ya yi wuya. A 2019 wasu sababbin lissafe-lissafe suka fitar da irin tsarin fitar bayani da Don Page ya yi hasashe tun 1993, wato bayanin yana fara bayyana cikin tururin bayan ramin ya yi kusan rabin ƙarewa. Wannan ya ƙara rinjayar da masana zuwa ga ra'ayin cewa bayani ba ya shafewa, kodayake an yi lissafin ne a kan samfura masu sauƙi.

Tururin Hawking kansa ba a taɓa auna shi ba, kuma dalilin a fili yake. Zafin rami mai nauyin Rana kashi 60 ne cikin miliyar na digiri ɗaya sama da sanyin ƙarshe, wanda ke digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa. Rami in ya fi haka nauyi ya fi haka sanyi. Sararin samaniya kuwa cike yake da ɗumin da ya rage daga farkon samuwarsa, digiri 2.7 sama da wancan sanyi. Don haka duk ramukan da aka sani a yau abin da suke sha daga wannan ɗumi ya fi abin da suke fitarwa, kuma ba za su fara ramewa ba sai sarari ya faɗaɗa ya huce ya fi su sanyi. Kafin lokacin, alamar da ƙamus mai kilo ɗaya zai bari a waje ita ce ƙarin faɗin iyaka da bai kai kashi ɗaya cikin miliyar 100 na faɗin ƙwayar furoton ba.